Bayan shekara 40: tambayoyi da amsoshi kan lafiya, girma da kuɗin asibiti

Tambayoyin nan sune dai waɗanda mutanen da suka haura arba'in suke ta maimaitawa, a bencin jiran likita, a majalisa bayan la'asar, a tsakar gida ranar suna. Mu 'yan waɗannan shekarun mune a tsakiya, sama ga iyaye da jinyarsu, ƙasa ga yara da kuɗin makaranta, gefe ga 'yan uwa, kuma wanda yake ɗauke da kowa ɗin ba mai ce masa ya jiki, shima kansa baya waiwayar kansa. Amsoshin sun fi shafar mutumin arewacin Najeriya, kuma ba zasu tsaya a madadin likitan da zai ganka ido da ido ba.

Ni fa lafiyata ƙalau, ban taɓa kwanciya a asibiti ba. Me zan je nema?

Malam, hawan jini baya sallama. Mutum zai iya shekara biyar ko goma jininsa a sama yana zuwa kasuwa yana dawowa, ba ciwon kai ba jiri, alhali a ciki ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ido suna ta lalacewa a hankali, wani ma ranar da zai san yana da shi itace ranar da zai yanke jiki ya faɗi a banɗaki ko a sahun asuba. Maganar nan ta "ai ni in jinina ya hau ina ji a ƙeyata" wallahi ta cuci mutane da yawa. Ba'a jin sa, aunawa ake.

Kuma awon ba wuya. Ka shiga kyamis ko ƙaramin asibitin unguwa, ka zauna minti 5 ka huta tukunna, kar ka auna kana haki daga saukowa daga babur ko yanzun nan ka gama cin goro ko shan sigari, ka jingina bayanka, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, kayi shiru har na'urar ta gama. In ta nuna 140/90 ko sama, ka sake a wata rana daban, in ta sake nuna haka toh sai likita. Ka samu ƙaramin littafi kana rubuta kwanan wata da lambar, ka dinga zuwa dashi duk sanda zaka ga likita.

In kuɗina kaɗan ne wane gwaji zan fara dashi?

Hawan jini, sai suga, da safe kafin ka sa komai a baki. In sugan ya kai 126, ko 7 a wani ma'aunin, kuma aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 kana bakin ƙofa, kuma nan ne ake iya juyawa da rage abinci da tafiya a ƙasa. Sai gwajin fitsari da na jini na ƙoda sau ɗaya a shekara, musamman in kana da ɗaya daga cikin biyun can. Sai gwajin ciwon hanta nau'in B ko sau ɗaya ne a rayuwa, domin yana da yawa a arewa kuma shima shiru yake, in baka dashi akwai rigakafi allura 3. Sai ido.

Abun da zan roƙeka ka guje masa shine na'urar nan da ake yawo da ita kasuwa da ofisoshi, wai ka riƙe wani ƙarfe kwamfuta ta lissafo maka cutuka ashirin, daga ƙarshe a buɗe jaka a sayar maka da magani. Bata gano komai, kuma kuɗin da zaka bata ya isa kayi gwajin gaske.

An ce in ka fara maganin hawan jini ka shiga kenan har abada. Gaskiya ne?

Mafi yawan mutane eh zasu cigaba da sha, amma ba maganin ne ya kama su ba, ciwon ne baya tafiya. Maganin danne shi yake, ranar da ka daina zai koma inda yake. Wanda ya sha na wata ɗaya ya auna yaga 120/80 yace Alhamdulillahi na warke ya ajiye, toh maganin ne fa ya kawo wannan lambar. Akwai waɗanda in sun rage ƙiba da gishiri likita yake rage musu, amma likitan ne zai rage.

In wani magani bai karɓeka ba kar ka jefar kayi shiru. Amlodipine yana kumbura wa wasu ƙafa, lisinopril yana sa wasu busasshen tari, wasu magungunan suna rage wa namiji kuzari, duk ana canzawa. Hajiya in har yanzu kina iya ɗaukar ciki ki faɗa wa likita, domin lisinopril da danginsa ba'a sha da juna biyu.

Maganin da nake saya yanzu ya ninka kuɗi. Wani watan sai in tsallake. Ya zanyi?

Ba kai kaɗai bane yallaɓai. Tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira, magani ya tashi domin yawancinsa ko kayan haɗa shi daga waje ake shigo dasu, kuma a shekarar ne kamfanonin magani na GSK da Sanofi suka sanar da daina harkarsu kai tsaye a Najeriya. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun 2024, mai suga da hawan jini a haɗe kuma ga iyali, lissafin baya fita, wannan gaskiya ce.

Amma ga abun da yake rage nauyin. Na farko ka buɗe baki ka faɗa wa likita ƙarfinka, kace likita ga abun da zan iya saya duk wata, ba abun kunya bane, in bai sani ba zai rubuta maka mai tsada ne kai kuma ka ninke takardar kasa a aljihu shikenan an yi biyu babu. Na biyu ka san ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba, yana nan a jikin kwali da ƙananan baƙaƙe ƙasan babban suna. Metformin metformin ne, amlodipine amlodipine ne, ko wane kamfani yayi, muddin yana da lambar NAFDAC kuma a famasi mai rajista ka saya, bambancin kuɗin kuwa wani lokaci ninki biyu ne ko fi. Ka gwada famasin asibitin gwamnati kafin na waje. Ka saya na wata guda ranar da kuɗi suka shigo, domin sayen kati ɗai-ɗai yafi tsada kuma shine yake kawo tsallake. Kar ka sayi na tire ko na cikin mota da ya wuni a rana.

Kuɗin maganin nan ka ɗauke shi kamar kuɗin cefane, abun da ake fitarwa tun kafin a fara maganar ankon biki. Raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ko sha yau a bar gobe, ba tattali bane, domin kwana uku a gadon asibiti da shanyewar ɓarin jiki zai cinye kuɗin maganin shekara, ba'a ma zo maganar gashi da wanda zai bar sana'arsa ya zauna jinya ba.

Masu allurar insulin da ba wuta a unguwarsu, ana nannaɗe kwalbar a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai sanyi a inuwa, kar dai ta daskare kar kuma ta ga rana.

Inshorar lafiyar nan ba ta ma'aikatan gwamnati bace kawai? Ni ɗan kasuwa ne.

A da kusan haka ne, lokacin NHIS, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da ta fara aiki a 2005. A 2022 aka sa hannu a sabuwar doka ta koma NHIA, dokar ma cewa tayi wajibi ne kowa ya shiga. Akwai tsarin da ake kira GIFSHIP na wanda ba ma'aikaci ba, mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya, ka biya na shekara ka zaɓi asibiti. Jihohi ma kowacce da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, JICHMA a Jigawa, GoHealth a Gombe, haka sauran. Ka je ofishinsu da kanka ka tambayi farashin bana domin ana sabuntawa, kuma kuna iya shiga a ƙungiyance, 'yan layinku na kasuwa ko ƙungiyar direbobi ko teloli.

Ma'aikacin da yake tsarin tarayya yana shiga da mata ɗaya da yara 4 'yan ƙasa da shekara 18, sauran iyali sai an ƙara musu kuɗi, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya.

Ba zan ce maka abun ba matsala ba. Za'a ce maka wani maganin babu ka saya a waje, zaka yi jiran a turo lambar izini kafin a tura ka babban asibiti, manyan abubuwa irin wankin ƙoda na dindindin da dashe da fita waje basa ciki ko kaɗan ake ɗauka. Kuma in ka yi rajista yau ba gobe zata fara aiki ba akwai lokacin jira, shi yasa ba'a bari sai ciwo ya zo. Duk da haka a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, mai hawan jini ko suga da zai ga likita duk wata biyu ko uku yayi gwaji ya karɓi magani, ni a ganina ya shiga, zai ci ribarta.

Toh halal ce?

Tsarin gwamnatin karo-karo ne, kowa ya zuba, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki, shi yasa ma ake ce mata taimakekeniya. In zuciyarka bata kwanta ba ka kai wa malamin da ka yarda dashi takardar tsarin ya duba, kar ka tsaya a kan jita-jitar majalisa.

Gwiwa da baya sun dame ni, kullum sai na sha haɗin kyamis nake iya barci. Akwai illa?

Akwai, babba ma. Haɗin nan na maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, wani lokaci biyu a haɗe, wani har da dexamethasone. Na farkon suna cin ciki su kawo olsa har da aman jini, suna hawar da jini, suna kashe ƙoda in an daɗe ana sha. Shi kuma dexamethasone yana tayar da suga ya kumbura fuska ya rage ƙarfin ƙashi. Mai aikin ƙarfi a rana, bai sha ruwa sosai ba, da dare ya kora haɗi, shekara da shekaru, kaga ai ƙodar bata da mataimaki.

Ciwon gwiwa a wannan shekarun yawanci zaizayewar gurunguntsi ne. Abun da yake taimakawa rage nauyi ko kilo 5 ne, motsa ƙafar, zuwa sashen gashi su koya maka atisayen cinya, man shafawa, da paracetamol daidai ƙa'ida. In sujada ko zaman tahiya ya gagara ka yi sallah a kujera, addini ya bada dama. In gwiwar ta kumbura tayi zafi, ko ciwon bayan yana sauka ƙafa da mutuwar jiki, ko fitsari ya fara kufce maka, wannan na likitan ƙashi ne, irin asibitin Dala a Kano.

An ce yayanmu sai an fara masa wankin ƙoda. Nawa muke magana?

Allah ya bashi lafiya. Ku fara tambayar likita ƙodar ta tsaya ne na ɗan lokaci ko ta mutu gaba ɗaya, domin ta farko ana iya wanki 'yan lokuta ta farfaɗo. In ta biyun ce ana buƙatar wanki sau 2 zuwa 3 duk sati, kowane zama kamar awa 4. A asibitocin gwamnati zama ɗaya ya kai wajen naira 50,000, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da saukar dashi zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, cikinsu akwai asibitin koyarwa na Maiduguri da na tarayya na Azare. Amma ku sani ba wankin ne kaɗai kuɗi ba, akwai allurar ƙarin jini, gwaje-gwaje, hanyar da za'a yi masa a hannu ko a wuya, da kuɗin mota. Ana dashen ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, sai dai bayan dashe ma akwai maganin da zai sha iya rayuwa. Ku zauna ku yi lissafin shekara ba na sati ba. Kuma ku 'yan uwansa kowa yaje ya auna jininsa da suga a satin nan.

Maganin gargajiya fa? Wani yace yana warkar da suga cikin kwana 40.

Dan Allah kar ka ajiye maganinka saboda shi. Har yau ba jiƙo ko garin da aka tabbatar yana raba mutum da suga ko hawan jini, mai lasifika a bakin tasha in ƙafarka ta ruɓe ba zaka sake ganinsa ba. Zogale abinci ne mai kyau ka ci, zoɓo ba suga yana ɗan sauke jini kaɗan amma bai kai ya tsaya a madadin ƙwaya ba, zuma kuwa tana tayar da suga kamar sukari duk albarkarta. Addu'a da tofi da rubutu ba wanda ya hana, a haɗa da magani. In kana shan wani abu ka faɗa wa likita gaskiya, domin wasu jiƙe-jiƙen suna taɓa hanta da ƙoda.

Ina shekara 47, al'adata ta rikice, zafi yana taso min da dare in jiƙe da gumi, ga saurin fushi. Ko jifa ne?

Ba jifa bane yaya, ba kuma iska bace. Ɗaukewar al'ada ce take gabatowa, yawancin mata tsakanin 45 da 55 take zuwar musu, kafin ta ɗauke gaba ɗaya takan yi 'yan shekaru tana wasa. Zafin jiki, rashin barci, mantuwa, bushewar gaba har kwanciya ta zama azaba, duk suna ciki kuma akwai taimako, ki ga likitan mata ki faɗa masa ba kunya. Maigida ma ya kamata ya san halin da ake ciki yayi haƙuri. Har sai kin shekara cur baki gani ba kina iya ɗaukar ciki, ki kula.

Abun da ba'a wasa dashi: jini bayan kin shekara da ɗaukewa, jini bayan saduwa, ruwa mai wari, ko ƙullutu a mama ko da baya ciwo. Mata da yawa ɓoyewa suke suna shafe-shafe sai abun ya fashe sannan a zo asibiti, lokacin kuɗin ya ninka sau goma kuma damar ta ragu. Ana gwajin bakin mahaifa a manyan asibitoci, kuma tun 2023 ana yi wa yara mata 'yan 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da bakin mahaifa da ta furostet ɗin maza a wasu asibitoci, har da na Shika a Zariya da na tarayya a Gombe, ki tambaya a sashen masu sankara.

Sau huɗu nake tashi fitsari da dare kuma baya fita da ƙarfi. Sannan ɗaya maganar ma ta ragu.

Alhaji wannan na iya zama kumburin furostet, wani ƙullutu ne a ƙasan mafitsara da yake girma da shekaru ya matse hanyar fitsari. Yawanci ba sankara bace, amma sai an duba ake rabewa, akwai gwajin jini na PSA da duban likita, daga 45 zuwa 50 ya kamata a fara maganar, musamman in mahaifi ko wa yayi. Suga ma yana sa yawan fitsari. Kar ka jira sai ya toshe da tsakar dare.

Raunin gaba kuwa sau da yawa saƙo ne daga jijiyoyin jini, suga ko hawan jini ko sigari, ba basir ba ba sanyi ba. Maganin ƙarfin maza na kwalba da shayin da ake haɗawa, an sha kama su da sinadarin bature a ciki ba ƙa'ida, mai ciwon zuciya zai iya tafiya a dalilinsa.

Sai na nesanta waya nake iya karatu. Makanta ce?

A'a, kusan kowa daga 40 haka yake, tabarau ne maganin. Amma tunda zaka je a auna maka har da hawan jinin ido, wato gilakoma, shi yake cinye gani daga gefe ba ciwo kuma abun da ya tafi baya dawowa. Yanar ido ana cirewa a gani garau. Akwai cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ECWA da na Makkah a Kano. Mai suga duk shekara a duba masa.

An hana ni gishiri an hana ni tuwo, toh me zan ci?

Ba'a hana ka tuwo ba, malmala uku ce ta koma ɗaya, miya da ganye su fi yawa. Wake, zogale, rama, kuɓewa, kabeji, ƙwai, kifi, gyaɗa, duk namu ne. Tuwon alkama da ake cewa na masu suga shima tuwo ne, in ka cika kwano zai tayar. Abun da yafi ɓarna na sha ne, lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu, kunu da fura da aka zabga wa sukari. Gishiri kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi kar ya wuce giram 5 a wuni, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule ma gishiri ne, yajin tsire ma haka. Uwargida ta rage a tukunyar kowa ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, yafi a ware wa mutum ɗaya tukunya. Sai tafiya a ƙasa minti 30 kwana 5 a sati, bayan asuba ko bayan la'asar.

Zan iya azumi da suga?

Wasu suna iyawa wasu bai kamata ba, ka ga likita tun Sha'aban ya gyara maka lokutan magani. Masu insulin da masu shan ƙwayar glibenclamide da masu ciwon ƙoda sun fi shiga haɗari. Ka dinga aunawa da rana, malamai da yawa sun ce ɗigon jinin yatsa baya karya azumi. In ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ka ji rawar jiki da gumi da duhun gani, ka sha ruwa nan take ko saura minti goma magariba. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, akwai ramuwa akwai ciyarwa.

In mutum ya faɗi bakinsa ya karkace me za'a fara yi?

Mota, asibiti, yanzu. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ko ɗaya daga ciki ya isa. Kar a ɗura masa ruwa ko zuma ko rubutu domin zai iya shaƙewa ya tafi huhu, kar a bashi asfirin tunda ba'a san jini ne ya toshe ko jijiya ce ta fashe ba sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, kar a tsaya sai an kira mai ruƙiyya, a yi addu'ar a cikin mota. A kwantar dashi ta gefe, a riƙe lokacin da abun ya fara, a ɗauko ledar magungunansa, a nufi babban asibiti kai tsaye domin awannin farko sune komai. Haka ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi.

Jinyar Baba ta faɗo kaina ni kaɗai alhali mu tara ne. Ya zanyi ba tare da zumunci ya lalace ba?

Wannan ta fi ciwon kansa cin rai wani lokacin. Ka kira zama, in da hali babban wa ko kawu ya jagoranta, ka zo da takarda: maganin Baba na wata kaza ne, ganin likita kaza, mota kaza, kunzugun manya kaza. Mutane da yawa ba mugunta ce ta hana su ba, basu san adadin bane, suna ganin ai wane yana da albashi. Kowa ya faɗi abun da zai iya duk wata ko 2,000 ce, a buɗe asusu ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe yana turo rasit kowa ya gani. Wanda bashi da kuɗi ya ɗauki kwana ko kai asibiti. Kuma a tuna da wadda take wanki da juyi da goge jiki, yawanci 'ya mace ce ko matar ɗa, ita ma mutum ce tana da baya tana da 'ya'ya, a dinga karɓarta tana hutawa, a dinga sa mata albarka a gabanta.

In abun yafi ƙarfinku, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, akwai hukumomin zakka a jihohi irin Kano da Sakkwato, akwai masallacin unguwa. Neman taimako don jinyar mahaifi ba bara bace.

Mu sayar da gida mu fita dashi Masar ko Indiya?

Kafin a kira dillali a yi wa likita tambaya uku ƙarara: aikin nan warkarwa zai yi ko sauƙaƙawa, ana yinsa a nan gida, kuma bayan an dawo nawa za'a dinga kashewa duk wata. A ji ta bakin ƙwararre na biyu. Akwai ciwon da fitar take da amfani sosai, akwai kuma wanda ya riga yayi nisa, a dawo ba gida ba gona ga marayu. Likita ya faɗa muku gaskiya, shi mara lafiyan ma a ji ra'ayinsa in yana cikin hayyacinsa. A yi hattara da 'yan tsakiya masu cin kamasho, a nemi takardar kuɗi daga asibitin can kai tsaye. Zaɓar a kula da mutum a gida a rage masa raɗaɗi cikin iyalinsa ba yarda shi bane.

Bana barci, tunani yayi min yawa, komai ya fita raina.

Ɗan uwa wannan ma ciwo ne, ba raunin imani bane. In ya haura sati 2 kana haka, abinci baya shiga, abun da kake so da yanzu baka so, ka faɗa wa likita, ana magani kuma ana warkewa. Kar ka fara ƙwayar barci ta kyamis tana kama mutum. Ka samu mutum ɗaya da zaka iya faɗa wa gaskiyar bashin da ke kanka. In har tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, yau ɗin nan ka faɗa wa wani a raka ka asibiti.

Saura shekara 5 in yi ritaya. Me zan shirya ta ɓangaren lafiya?

Ka je ka tambaya tun yanzu ko inshorarka zata cigaba bayan ritaya, domin a wurare da yawa tana tsayawa ne da albashi, a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, in haka ne ka shirya komawa GIFSHIP ko ta jiha ba tare da an samu giɓi ba. Aikin da likita yace ayi, ido ne ko haƙori ko gwaiwa, ka yi tun kana ciki. Ka ware asusun lafiya daban wanda ba kati a aljihu, ko ka shiga adashi da wannan niyyar, ko ka sa a tumaki biyu da za'a iya sayarwa ranar kasuwa, domin kuɗin sallama sukan yi jinkiri. Ka haɗa takardun gwaje-gwajenka da sunayen magungunanka a fayil ɗaya, uwargida da babban ɗa su san inda yake.

Mu da muke Nijar ko Ghana fa?

Maganar ciwo da gwaji da abinci duk ɗaya ce. A Ghana akwai NHIS tun dokar 2003, kuma wanda ya kai 70 baya biyan kuɗin shekara, ku dai tabbatar katin bai mutu ba. A Nijar gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi a 2024, ku tambayi sabon farashin a wurin biya kuma ku karɓi rasit.